Bahon Baaba da Tantani na Talatin da Bakwai

Shekara goma sha ɗaya Baaba ta yi tana share ɗakin gwaje-gwajen da ke hawa na biyu, kuma doka ɗaya take bi: ƙasa tata ce, abin da ke kan tebur kuwa ko ƙuda ya faɗa ciki ba ruwanta. Ba a banza ta riƙe dokar ba. Matar da ta riga ta a aikin, tsabta ce ta sa aka sallame ta. Ta ga wata kwalba da baƙin abu ya daskare a gindinta, ta sa soso da sabulu ta wanke ta tas, ashe aikin shekara biyu na wani bawan Allah ta zubar a kwata.

Mutum uku ke aiki a ɗakin. Akwai Farfesa, wanda ba ya zama, sai dai ya leƙo da waya a kunne ya ce, "Ina aka kwana?" Akwai Dakta, 'yar siririya mai tabarau, wadda ita ce mai aikin. Sai mai kula da na'urori, da kowa ke kira Sikeli, don ko sukarin shayinsa sai ya auna.

Wata safiya Baaba tana goge ƙasa, Dakta ta ɗage ƙafafunta ta yi mata bayanin abin da take yi, wataƙila don ba wanda ya rage mai saurarenta. Ta ce a cikin hayaƙin masana'antu akwai iskar kabon, wadda ke ƙara wa duniya zafi, kuma a cakuɗe take fitowa da wasu iskoki marasa laifi. So ake a ware ta. Sai a narkar da roba iri biyu a ruwan magani, a gauraya, a zuba a farantin gilashi, in ya bushe ya zama tantani wanda ya fi leda siranta. A ɗaura shi a na'ura, a turo iska, kabon ya ratsa ya wuce, sauran su tsaya.

"Me ya sa sai roba biyu?" in ji Baaba.

"Ɗaya tana barin iska ta wuce da sauri, amma ba ta zaɓe, kowa ya zo bismillah. Ɗayar tana zaɓe, amma nawa gare ta, ga karyewa. In sun haɗu da kyau sai a samu sauri da zaɓe."

"Au, rariya ke nan."

"Rariya ce, Baaba, amma wadda ba ta da huda ko ɗaya."

Baaba ta matse tsummanta. A ranta ta ce karatu ma idan ya yi yawa Allah ya sawwaƙe.

Matsalar ita ce robobin ba sa son juna. Da sun fara bushewa sai su rabu kamar mai da ruwa, tantanin ya fito dishi-dishi, ga 'yan hudojin da ido ba ya gani amma iska na gani. Guda talatin da shida Dakta ta yi, duk Baaba ce ta kwashe su daga kwandon shara.

Da yammacin wata Juma'a Dakta ta zuba na talatin da bakwai, Sikeli ya kunna fankar silin kamar kullum don ya bushe da wuri, suka tafi. Baaba ta ɗauko doguwar tsintsiya za ta kakkaɓe saƙar gizo-gizo, sai ta ga saƙar tana daidai saman farantin, har da gawar wani ƙwaro tana lilo. In ta kakkaɓe zai faɗa ciki. In ta bari, fanka za ta kaɗo shi. Ta duba ƙofa, ta ɗauko tsohon bahonta shuɗi da take wanke tsumma a ciki, ta goge shi da gefen zaninta, ta kife a kan farantin. Ai ba ta taɓa ba, rufewa ta yi, kuma minti biyu ne.

Tana cikin kakkaɓar wayarta ta yi ƙara. Surukinta ne.

"Baaba, mun taho asibiti, naƙuda ce!"

Ko tsintsiyar ba ta mayar wurinta ba. Ta kulle ƙofa ta sauka matakala bibbiyu, da gwiwar da ta ce wa likita ba ta lanƙwasuwa.

Sai da safiyar Litinin, tana cikin mota tana murmushin tuna kumatun jikarta, bahon ya faɗo mata a rai. Salatin da ta yi da ƙarfi ya sa direba taka birki. Allah ya taimake ta ita ce farkon zuwa. Ta ɗage bahon, ta ga farantin kamar ba komai a ciki, ta ce shi ke nan, ta kashe aikin 'yar mutane. Ta tura bahon ƙarƙashin wurin wanke hannu, ta kama goge inda ta riga ta goge.

Da Dakta ta zo ta sa ɗan hantsaki ta ɗago gefen, sai ga tantani garau, kana ganin zanen tafin hannunka ta cikinsa. Sikeli ya ɗaura shi a na'ura. Wajen azahar Baaba tana baranda ta ji ihu, ta saki bokiti ta ruga, ta tarar da Dakta tana tsalle da takalmi ɗaya, Sikeli kuma yana goge tabaransa yana sake duba allon na'urar.

"Baaba, ya yi! Kabon na wucewa da gudu, sauran sun tsaya cak!"

"Kai, madalla," in ji Baaba.

Farfesa bai jira komai ba. Kafin la'asar ya buga waya wuri huɗu, ya gayyato baƙi daga wata masana'antar siminti su zo nan da mako shida su ga abin al'ajabi. Sannan ya juyo ya ce wa Dakta, "Sai ki yi mana guda biyar irinsa."

Na talatin da takwas ya fito dishi-dishi. Na talatin da tara ya fito da hudoji. Na arba'in ya naɗe kamar busasshen ganye.

Da farko bincike suka yi irin na masu hankali. Suka koma kwalbar maganin da aka yi amfani da ita a ranar, da farantin ranar, suka auna zafin ɗakin da damshinsa. Ba abin da ya sauya. Da aka kai na arba'in da shida Farfesa ya ajiye wayarsa, abin da Baaba ba ta taɓa gani ba, ya tsaya gaban allo da alli.

"Duk abin da ya faru ranar nan, komai ƙanƙantarsa, a faɗa mini. Wa ya shiga ɗakin nan?"

Baaba tana durƙushe bayan firji da tsumma. Ta daina gogewa.

"Ba kowa, ranka ya daɗe," in ji Sikeli. "Sai Baaba."

"To, ba kowa ke nan. Sai me?"

Baaba ta sauke ajiyar zuciya. Sai da ta kai ƙarshen firjin sannan maganar ta soke ta. Ba kowa? Ita da ta san inda kowane soket na wuta yake a ɗakin nan?

Allo ya cika. An ɗauke wuta na minti ashirin da hantsi. Dakta da hannun hagu ta zuba, don ta ƙone a dama. Farfesa ya yi wa Sikeli faɗa a kan makullin sito. Sannan Sikeli ya sunkuyar da kai ya ce akwai wani abu da bai faɗa ba: ranar yana mura, kuma lokacin da ake zubawa ya yi atishawa. Ya kau da kai, amma ba zai rantse ba.

Farfesa ya ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar.

"Ranka ya daɗe, wannan ai ya zama camfi," in ji Dakta.

"Damshi ne, Dakta. Ɗigon ruwa ƙanana a kan ruwan roba. Mu dai mu kawar da shakka. Ranar Juma'a za mu maimaita ranar gaba ɗayanta."

A gida Baaba ta kasa cin abinci. Mijinta, tsohon direban babbar mota da ya ajiye aiki, yana zaune yana gyaran wata rediyo da ta mutu tun kafin a aurar da 'yarsu. Ta zayyana masa komai.

"Wani ya gan ki?"

"A'a."

"To me ya dame ki? Ki ja bakinki ki yi shiru."

"Malam, yarinyar nan ta rame. Jiya na same ta a sito tana kuka a cikin kwalayen safar hannu. Ita ce fa ta kai ni gida a motarta ranar ruwan nan, har ta zo asibiti ta ga jaririya."

"In kin faɗa, yabonki za su yi ko korarki?"

"Ina na sani?"

"Ni na sani. Masu karatu ba sa son a fi su, balle da baho." Ya hura cikin rediyon. "Shuɗin nan ne mai tsaga? Ai na ɗauka kin yar."

Ranar Juma'a Baaba ta ga abin da ba za ta iya ba da labarinsa a unguwa ba, don ba mai yarda. Da hantsi Sikeli ya je ya kashe wutar ɗakin da hannunsa, suka zauna minti ashirin suna kallon agogo. Farfesa ya zo ya yi masa faɗa a kan makullin sito, alhali makullin na rataye a wuyan Sikeli. Da farko yana duba takarda, daga baya faɗan ya zama na gaske, har ya tono wani laifi na bara. Dakta ta zuba na arba'in da bakwai da hagu. Sikeli ya shaƙi garin barkono daga takarda, ya kau da kai daidai yadda ya tuna, ya saki atishawar da ta girgiza kwalabe.

"Rubuta lokaci," in ji Farfesa.

Da suka watse Baaba ta daɗe tsaye da makulli a hannu. Ta tuna kukan sito. Ta ce a ranta sau ɗaya ne, yarinyar ta samu ta yi barci. Ta jawo baho ta kife.

Litinin tantani ya fito garau.

Abin da Baaba ba ta hango ba shi ne wanda zai ɗauki nauyin wannan nasara. Farfesa ya rungume Sikeli a gaban kowa, ya ce dama shi tun farko jikinsa ya ba shi. Daga ranar kullum sai an zuba sabo, kullum sai Sikeli ya shaƙi barkono. A tsakiyar mako kuwa Baaba ba ta da hali, don Dakta ba ta tashi sai bayan ita ta tafi. Guda huɗu suka lalace a jere. Hancin Sikeli ya kumbura ya yi ja, idanunsa na zubar da hawaye, matarsa ta bugo waya tana tambaya wane irin aiki ne wannan. Farfesa ya ce wataƙila nisan ne, aka sa tef a ƙasa inda zai tsaya. Ya ce wataƙila ƙarfin ne. Ranar Alhamis ya ce ya gano: ta farko atishawar mura ce ta gaskiya, ta biyu kuma da sauran murar a jikinsa, yanzu kuwa ya warke sarai. Ya tambayi Sikeli ko zai iya zama a gaban na'urar sanyaya ɗaki da jiƙaƙƙiyar riga.

"Ranka ya daɗe, ina da iyali," in ji Sikeli ta hanci.

Baaba ta kai masa ruwan ɗumi a kofi ba ta iya kallon fuskarsa ba. "Sannu, ɗan nan."

"Baaba, ki sa ni a addu'a. Shekara tara ina karatu, ashe hancina ake nema."

Juma'ar nan saboda hancin Sikeli ta sake kife bahon a kan na hamsin da biyu.

Da ta buɗe ƙofa ranar Litinin, ƙarfe shida da rabi, fitila a kunne take. Dakta na zaune a kujerar Farfesa, bahon shuɗi a cinyarta kamar jariri.

"Ina kwana, Baaba."

Baaba ta ajiye jakarta a hankali. "Lafiya lau, Dakta. An tashi lafiya?"

"Na zauna da littafina na ga duk masu kyaun ranar Juma'a aka zuba su. Shi ne na ce bari in zo ranar Asabar da safe in ga abin da ke faruwa a ɗakin nan in ba kowa. Na ga wannan. Ban ɗaga ba sai ɗazu." Ta nuna farantin da haɓa. Tantani garau. "Na waye?"

Baaba ta kwance makullan daga bakin zaninta ta ɗora a tebur. Ta riga ta shirya maganar tun mako uku.

"Nawa ne. Wallahi ban taɓa farantin ba, rufewa na yi, saboda gizo-gizo. Sai 'yata ta kama naƙuda. Na biyun kuma don na ga kina kuka, na ukun don hancin yaron nan. Ga makullanku. Abu ɗaya nake roƙo, kar a rubuta cewa sata na yi."

Dakta ta cire tabarau. Kafaɗunta suka fara rawa, Baaba ta ɗauka kuka ne, har ta matso za ta ba ta haƙuri. Ashe dariya ce, irin wadda ba ta fita da sauti. Ta kifa kai a kan bahon tana bubbuga shi.

"Barkono, Baaba! Gwangwani guda muka ƙarar a hancin mutum!"

Da ta samu numfashi ta juya bahon ta nuna wata tsaga a gindinsa, wadda aka taɓa liƙewa da wuƙa mai zafi amma ba ta liƙu duka ba. Ta ce fanka ce ke cutarsu tun farko. Ruwan maganin na tashi da sauri, sama ya bushe ƙasa na jiƙe, robobin su rabu, hudoji su fito. Ta taɓa gwada rufewa da murfin gilashi, amma shi ya toshe ruf, kwana huɗu abin bai bushe ba, ta haƙura. Bahon ya tare fanka, tsagar kuma tana barin tururin ya fita kaɗan-kaɗan har kwana uku.

"Ke nan ba korata za a yi ba?"

"Ɗauki makullanki, Baaba. Amma me ya sa ba ki faɗa ba?"

"An tambaye ni? Ai cewa aka yi ba kowa."

Dakta ta daina dariya. Ta mayar da tabaranta, ta ce, "Gaskiya ne. Ina wurin, ban ce komai ba. Ki yafe mini."

Farfesa ya iso ƙarfe tara. Ya saurari bayanin yana kallon bahon ta ƙasan tabarau, ya zagaya shi sau biyu, ya sa farce a tsagar.

"Saurin bushewa," ya ce. "Na daɗe ina zargin haka."

Sikeli ya buɗe aljihun tebur, ya ɗauko gwangwanin barkonon, ya ajiye a gaban Farfesa, ya koma wurinsa ya zauna. Farfesa ya yi gyaran murya. Ya juya wajen Baaba, ya buɗe baki ya rufe, sannan ya tambaye ta lafiyar jaririya, da nauyinta, da ko tana barci, abin da bai taɓa yi ba a shekara goma sha ɗaya. Baaba ta gane iyakar abin da zai iya ke nan, ta amsa masa da sakin fuska.

A ranar aka karɓe bahon. Sikeli ya auna faɗinsa da zurfinsa da tsawon tsagar, ya manna masa lamba irin ta kayan ofis. Aka sayo wa Baaba sabo ja, wanda ta ce ya cika faɗi, ba ya shiga ƙarƙashin famfo. Aka sayo wasu shuɗaye shida don a riƙa yin tantani da yawa a lokaci guda, sai aka ga ba su da tsaga. Farfesa ya ce a fasa su. Sikeli ya fasa biyu da guduma suka dare gida biyu. A ƙarshe Baaba ce ta ɗora wuƙa a wuta ta tsaga sauran huɗun, Dakta na tsaye da agogo, uku suka yi aiki.

Ranar da baƙin masana'antar suka zo, an jera bahunan a kan farin ƙyalle. Wani mai ƙaton ciki a cikinsu ya tambayi sunan na'urar. Farfesa ya ce akwatin sarrafa tururi ne, ƙirar cikin gida. Mutumin ya duƙa ya leƙa, ya ce matarsa na da irinsa. Dakta ta ce haka ne, ga ma wadda ta gano amfaninsa can, ta nuna Baaba da ke bakin ƙofa da tsintsiya. Baƙi huɗu suka juyo suka gaishe ta ɗaya bayan ɗaya. Ta rasa inda za ta sa tsintsiyar, ta miƙa wa Farfesa ya riƙe mata.

Baƙin sun yaba, amma sun ce hayaƙinsu da zafi yake fitowa, da ƙarfi kuma, sai an gwada a haka. Da aka ƙara wa na'ura ƙarfi, tantani na sittin da biyu ya yage tun kafin a kai rabin abin da suke so. Na sittin da uku ma haka.

Baaba tana wucewa da bokiti Dakta ta kira ta. Ta ɗago yagaggen tantanin da hantsaki ta nuna mata a hasken taga. Farfesa ya sauke wayarsa daga kunne. Sikeli ya buɗe littafi.

"Baaba, me kika gani?"

Baaba ta ajiye bokitin, ta goge hannu, ta duba ta wannan gefe, ta duba ta wancan. Ba abin da ta gani sai yagaggiyar leda. Amma mutum uku masu digiri sun zuba mata ido, ba ta yi shiru ba.

"Ni dai a ganina ya yi siriri da yawa. In tufa ce, sai a yi mata shafi daga ciki."

Dakta ta kalli Farfesa. Farfesa ya kalli silin, ya ce dama akwai wata takarda mai ƙarfi da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin irin wannan, yana shirin ya ambata. Sikeli ya rubuta, har da lokaci.

Baaba ta ɗauki bokitinta ta yi hawa na uku, don ruwan ya fara hucewa kuma ba ta ko fara barandar can ba.